Gem ɗin da suka girme mu amma har yau ana musu gyara, meye sirrin?

Auwal Jahun:
Salam 'yan uwa. Ni kam akwai abin da yake ɗaure min kai ina so mu tattauna. Gem ɗin ƙwallo duk shekara sai an fito da sabo, na bara ya zama tsohon yayi, wasu na harbi kuma ranar da kamfani ya rufe sabar shi shikenan duk kuɗin da mutum ya zuba ya bi ruwa. Amma ga waɗannan na shiga kogon ƙarƙashin ƙasa da ake cewa roguelike, irin su NetHack da ya fito tun 1987, har yau akwai mutanen da suke zama suna gyara shi suna sakewa kyauta. Shattered Pixel Dungeon da nake bugawa a waya shi ma a 2014 aka fara shi kuma mai shi bai daina ƙara abu ba, a 2023 ya sa sabon jarumi da za ka iya zaɓa, a 2025 ya ƙara wani. Me yasa su basa mutuwa?

Sadiq Gwallameji:
Wslm. Yaya Auwal ni fa gsky ban ga abin da kuke gani a ciki ba. Wani ɗan ajinmu ya buɗe min NetHack a laftof, baƙin allo ne kawai haruffa suna yawo, wai alamar @ ɗin nan kai ne, ƙaramin d kare ne, babban D kuma dodo. Nace mishi toh ina gem ɗin? yace ai shi kenan kake kallo. Kuma in ka mutu babu dawowa sai dai ka faro daga farko. A ganina manya ne kawai suke riƙe da shi don yana tuna musu da ƙuruciya

Khalifa:
Ni ma mutuwar nan ce take ɓata min rai wlh, a Shattered ka kai hawa na huɗu da makami mai kyau ƙaguwa ɗaya ta gama da kai

Injiniya Bala:
Sadiq ƙanena bari in ɗan ja da baya tukuna. Haruffan nan ba don gayu aka yi su ba. Uban gidan duka shi ne Rogue, ɗalibai ne suka rubuta shi a 1980 a jami'ar Santa Cruz ta Kalifoniya, Michael Toy da Glenn Wichman, daga baya Ken Arnold ya shigo. Lokacin allon kwamfutar jami'a ba ya nuna hoto, haruffa kawai yake iya bugawa, sai suka gina ɗakuna da lunguna da abin da suke da shi. Abin da ya dame su shi ne gem ɗin zamanin in kai ka rubuta shi ba za ka ji daɗin buga shi ba tunda ka san komai, ka san inda aka ɓoye mukulli. Shi yasa suka sa kwamfuta ta riƙa zana kogon da kanta duk lokacin da aka fara, ta yadda su kansu masu shi ba su san me za su tarar a bayan ƙofa ba. Daga nan aka sa shi cikin BSD Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin jami'o'i da yawa a lokacin, ya bazu jami'o'i. Zuri'a ta rabu biyu, ɓangare ɗaya Hack wanda ya haifi NetHack, ɗaya kuma Moria na 1983 wanda ya haifi Angband a 1990 a jami'ar Warwick ta Ingila. Hatta Diablo da kowa ya sani daga irin su Angband mai shi ya ɗauko tunanin.

Maganar cewa manya ne kawai, duba guruf ɗin nan mana. Auwal da Khalifa ba a haife su ba lokacin da NetHack ya fito, wace ƙuruciya zai tuna musu?

Ni abin da na gani shi ne a sauran gem mutumin cikin allo ne yake girma, ya samu bindiga ya samu riga, kai kana nan yadda kake. A waɗannan kuwa in ka mutu komai ya tafi sai abin da ya shiga kanka. Gobe in ka sake farawa da hannu biyu kawai, kai ne ka canza. Wannan ba ya tsufa.

Sadiq Gwallameji:
Injiniya ba mu misali a ƙasa don Allah, me zai shiga kaina daga harafi

Injiniya Bala:
Toh ga ɗaya. A NetHack akwai wani ɗan tsuntsu, ƙaramin c ne ruwan ɗorawa, sunan shi cockatrice. In ka taɓa shi da hannu ba safa ka zama dutse nan take. Shikenan ka koya, kar a taɓa. Amma sai wata rana tunani ya zo maka, in na sa safar hannu fa? Ka kashe shi ka ɗauki gawar ka riƙe ta kamar makami, kusan duk dodon da ka buga wa sai ya daskare ya zama dutse, har manyan da ba ka isa ka tunkara ba. Masu gem ɗin sun san za ka yi wannan tunanin sun rubuta shi. Kuma sun san za ka yi sakaci, in kana riƙe da gawar ka faɗa rami, ko kaya sun maka nauyi ka gangaro daga matakala, gawar ta taɓa jikinka kai ma ka tafi. In kuma idonka a rufe yake ka lalubi abin da ke ƙasa ba safa alhali gawar tana wurin, nan ma ka tafi. Abu ɗaya fa, harafi ɗaya.

Ko karenka. Kana farawa da ɗan kare ko mage suna binka. Kare ba ya son taka kayan da aka la'anta, don haka in ka tsinci takalmi ka ajiye a ƙasa ka ga yana kaucewa ko yana takawa da ƙyar, kar ka sa. Kuma shi karen in ka shiga kanti da shi zai iya ɗauko kaya a baki ya fito da shi mai kanti ba zai ce komai ba, amma kai in ka gwada fita da abu ba ka biya ba sai ka gane kurenka. Shekara da shekaru ana ƙara irin waɗannan ƙananan abubuwa ɗaya kan ɗaya, shi yasa mutum zai daɗe yana bugawa har yanzu yana ganin sabo.

Sadiq Gwallameji:
Toh ai wannan hadda ce Injiniya ba ƙwarewa ba. Ta ina zan san tsuntsu zai maida ni dutse in ba an faɗa min ba? sai na mutu tukuna, ko in je in karanta a intanet. Gem ɗin da sai ka yi karatu kamar za ka shiga jarabawa kafin ka ji daɗin shi ni ban ga adalci a ciki ba

Yohanna Yelwa:
Sadiq ya faɗi gaskiya a nan, kuma ba shi kaɗai ba ne ya faɗa, masu buga irin gem ɗin nan su kansu sun daɗe suna wannan rigimar. Oga Bala ka yi haƙuri amma NetHack yana da mugunta da babu dalili. Akwai wani shuɗin e da yake shawagi ba ya ko motsi sosai, ka buge shi da takobi sai jikinka ya sandare ɓera ya zo ya cinye ka a tsaye, sabon shiga ina zai sani?

Shi yasa ni nake buga Dungeon Crawl Stone Soup. Asalin shi wani Linley Henzell ne ya fitar a 1997, da abin ya tsaya sai wasu suka ɗauka a 2006 suka ci gaba har yau. Su aƙidar su a rubuce take, duk abin da yake ɓata lokaci ba tare da ya sa ka yanke shawara ba a cire shi. Ka danna o mutuminka ya zagaye hawan da kanshi ya tsaya in ya hango abokin gaba. Ka duba dodo gem ɗin zai faɗa maka irin dukan da yake yi da sihirin da yake da shi, babu ɓoye-ɓoye. Amma duk da haka yana kashe mutane kamar me, don sanin abu daban, yin abin da ya dace a lokacin da ya dace daban. Akwai wani Sigmund mai lauje da yake fitowa a hawan farko-farko, kowa ya san shi kowa ya san maganin shi shi ne ka gudu ka hau matakala ka dawo in ka yi ƙarfi, amma zuciya sai ta ce maka saura bugu ɗaya ya faɗi. Wannan bugu ɗayan ne yake kai mutane kabari.

Kuma yana da hoto Sadiq, ba dole sai haruffa ba, har a burawuza za ka iya bugawa wasu suna kallonka kai tsaye suna ba ka shawara

Injiniya Bala:
Yohanna na san za ka zo. Ku da kuka cire abinci daga gem, me ya rage? A 2021 masu Crawl suka fitar da zubi na 0.26 suka ce daga yau babu yunwa. Kogon da yake hawa 27 an rage babban ɓangaren shi ya koma 15. Akwai jinsunan jaruman da ake zaɓa da aka share gaba ɗaya. Ni abin da yake sa in ƙaunaci NetHack shi ne duk abin da na koya a 2005 yana min amfani yau. Daga Disamba 2003 da aka fitar da 3.4.3 sai Disamba 2015 aka ga 3.6.0, shekara goma sha biyu, kuma mutane ba su watse ba suna nan suna bugawa suna gasa duk Nuwamba

Yohanna Yelwa:
Oga ai ko NetHack ɗin sun taɓa muku abu. Kalmar nan da kuke rubutawa a ƙasa dodanni su ji tsoro su ƙi matsowa, Elbereth, a 3.6 ba sun rage mata ƙarfi ba? yanzu in ka kai hari kana tsaye a kanta gogewa take yi. Kuka yi ta ƙorafi kuma kuka ci gaba da bugawa.

Maganar abinci kuma ni na buga kafin a cire da bayan an cire. Da can kana kashe dodo ka yanka nama ka ci, ka danna ka danna, kusan babu mai mutuwa da yunwa sai dai ɓata maɓalli. Abin da ba ya kashe kowa kuma ba ya sa ka tunani meye amfanin shi? Da suka cire sai suka sa wani agogo da yake hana ka zama wuri ɗaya har abada, aikin da yunwar take yi kenan dama

Auwal Jahun:
A nan kam ina bayan Injiniya rabi. A Shattered yunwa tana aiki sosai, don in jininka ya ragu kana iya tsayawa ka huta ya dawo amma abinci yana ƙarewa, kowane hawa kusan guda ɗaya ake ba ka. Sai ka zauna kana lissafi, in huta in ci gurasar nan ko in sauka da rabin jini. In aka cire wannan gem ɗin ya lalace. Amma na yarda in yunwar ba ta cizo gara a cire

Ni wani abu da ba ku ambata ba shi ne gem ɗin yana jiranka. Babu abin da yake motsi sai ka motsa. Ina shago a Wunti dodo uku sun kewaye ni kwastoma ya zo cire kuɗi, in kife wayar in sallame shi in ba wani cajar shi in dawo, suna nan inda na bar su. Gwada haka a gem ɗin harbi ka gani. Ba ya cin data ko kaɗan bayan ka sauke, ba ya zafafa waya, an ɗauke wuta kwana da kwanaki batir ɗina yana kai ni. Babu talla babu sayi lu'ulu'u ka ci gaba. Wlh kamar don mu aka yi shi

Anti Rahama:
Sannunku da hira. Auwal tambayarka ta farko har yanzu ba a amsa ta kai tsaye ba, kowa ya tafi yabon nashi. Daɗin wasa kaɗai ba ya sa a ci gaba da gyara abu shekara talatin, gem nawa ne masu daɗi suka mutu? Ni a ganina amsar tana wurin rubutun manhajar, a buɗe yake kowa zai iya ɗauka. Duba su ɗaya bayan ɗaya. Crawl mai shi ya bari wasu suka ɗauka. Angband ya wuce ta hannun mutane da yawa tun 1990, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan, a 2019 ma suka fitar da 4.2 da ya canza dodanni da jarumai sosai. Shattered ɗin da kake bugawa ba Evan Debenham ne ya ƙirƙiro tushen ba, Pixel Dungeon ne na wani mai suna Watabou, da ya buɗe rubutun a 2014 shi Evan ya ɗauka ya fara gyare-gyare har ya zama aikin shi. Brogue da nake bugawa Brian Walker ne ya fara a 2009, da ya yi shiru masu son shi suka ci gaba da wanda suke kira Community Edition.

Sai ka duba ADOM na Thomas Biskup ɗan Jamus, tun 1994 yake kuma yana da masoya sosai, amma shi bai saki rubutun ba. Da rayuwa ta sha kanshi daga 2002 gem ɗin ya tsaya cak babu mai iya taɓawa, sai a 2012 da aka yi karo-karo a intanet ya dawo kanshi. Ka ga bambancin. Wanda yake hannun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ranshi yana hannunsu, wanda aka sake wa jama'a kuwa muddin akwai mutum biyu da suka damu yana nan.

Kuma tunda haruffa ne ko ɗan ƙaramin hoto, ƙara sabon dodo ba ya buƙatar mai zane da mai sauti da miliyoyin kuɗi, mutum ɗaya da laftof a daren Asabar zai iya. Abin da Sadiq ya raina shi ne ya sa suke da arhar rayuwa

Sadiq Gwallameji:
Anti wannan kam na gane kuma ya shige ni. Amma shi Brogue ɗin meye nashi?

Anti Rahama:
Shi ne nake ba wanda yake tsoron haruffa, don haruffa ne amma masu kala, ruwa yana ƙyalli wuta tana haska ɗaki. Hawa 26 ne ka sauka ka ɗauko laya ka fito. Dokokin shi kaɗan ne amma suna haɗuwa da juna. Misali ciyawa tana kamawa da wuta, fadama tana fitar da iskar gas. Wata rana wasu mayaƙa suka biyo ni su da bokansu, ba ni da ƙarfin tsayawa, sai na ja su ta cikin fadamar na tsallaka na shige wata ƙofa na juyo na jefa kwalbar wuta a tsakiyar gas ɗin, allo duka ya yi ja, da hayaƙin ya lafa babu ko ɗaya. Babu wanda ya rubuta cewa a hawa kaza za a yi wannan, ni ce na ga fadama na ga kwalba a jakata na haɗa. In da na tsaya kusa da taku biyu da ni ma na ƙone. Kuma za ka tarar da dodo a ɗaure wasu sun kama shi, in ka kwance shi sai ya zama abokin tafiyarka yana yaƙi a gefenka, in ya mutu har zuciya sai ka ji

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Abin da Injiniya ya faɗa ya tuna min da dara, ramukan nan da 'ya'yan nan su ne tun kakanni babu wanda ya canza, amma ba a taɓa buga wasa biyu iri ɗaya ba kuma dattijon da ya iya zai cinye ka ko da wane tsinke ka ba shi. Wannan ɓangaren ya burge ni.

Amma akwai abin da ya tsaya min dole in faɗa. Yarona ya nuna min irin wannan a waya na ga ana maganar alloli da bagadi da yin addu'a ga wani abu in an shiga matsala. Ko da wasa ne ni zuciyata ba ta kwanta da in danna maɓalli da sunan roƙon wani ba Allah ba. Ku da kuka san su ciki da waje ku faɗa min gaskiya yaya abin yake, kar ku kare gem ku ɓoye min

Injiniya Bala:
Malam ba zan ɓoye maka ba yana ciki. A NetHack akwai umarnin addu'a, in yunwa ta kusa kashe ka ko jini ya kusa ƙarewa kana iya yi a cece ka, kuma yawancin masu bugawa suna amfani da shi. Akwai masu buga shi da sharaɗin ba za su taɓa yi ba tun daga farko har ƙarshe, gem ɗin ma yana lissafa maka hakan. Amma ƙarshen labarin shi ne ka kai layar da aka aike ka nema ka miƙa a kan bagadi, wannan babu hanyar kauce mishi in kana son gamawa. Ni ina ɗaukar shi tatsuniya ce da lissafi a bayanta, amma ban isa in ba da fatawa ba kuma wanda ya ji zuciyar shi ba ta so ya bari, ba a rasa wasu ba

Yohanna Yelwa:
Malam mu ma a coci akwai masu irin wannan damuwar, ba ku kaɗai ba ne. A Crawl zaɓen abin bauta babban ɓangare ne na dabarar wasan gaskiya, amma ba dole ba ne, akwai ma jinsi ɗaya da gem ɗin ya hana shi bin kowa kwata-kwata kuma ana cin wasa da shi

Anti Rahama:
Malam in don yaro ne Brogue ba shi da tsarin bauta ko addu'a, akwai sihiri da dodanni dai irin na tatsuniya. Ka zauna da shi ku buga tare ka gani da idonka kafin ka yanke

Malam Nura:
Na gode da kuka faɗi gaskiya. NetHack kam ni na haƙura da shi. Wancan na Malama Rahama zan duba

Injiniya Bala:
Ba laifi Malam. Abu ɗaya nake so in ƙara kan maganar Rahama ta mutane. Cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NetHack akwai wani malamin jami'a Izchak Miller, ya rasu a 1994. Abokan aikin shi suka sa sunan shi a kan mai kantin fitilu da kyandir na wani ɗan gari da ke cikin ramin ma'adinai, har yau in ka je yana nan yana sayar da fitila. Kuma al'ada ce tsakanin masu bugawa ba a kashe shi, ko waɗanda suke ƙoƙarin share duk wani mai rai a kogon sukan bar shi. Babu dokar gem da ta hana, kunya ce kawai da girmamawa. In kana bugawa a sabar jama'a irin nethack.alt.org kuma, wani lokaci za ka sauka hawa ka tarar da fatalwar wani ɗan wasa na gaske da ya mutu a wurin, kayan shi a zube, abin da ya kashe shi kuma yana nan yana jiranka.

Sadiq kai da kake karanta kwamfuta ga naka. A 2020 masu bincike na Facebook suka maida NetHack filin gwajin ƙirƙirarriyar basira, a 2021 aka yi gasa a NeurIPS, babban taron masana wannan fannin, babu manhaja ko ɗaya da ta kai ƙarshen gem ɗin, ko kusa ba su je ba, kuma waɗanda mutane suka rubuta musu dokoki da hannu su ne suka fi masu koyo da kansu. Wannan bayan kwamfuta ta riga ta doke zakarun duniya a wasan ces (chess) da Go, wani wasan allo mai kama da dara

Sadiq Gwallameji:
Kai wannan ban sani ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa wanda zai kashe ni don ban karanta ba ba nawa ba ne. Na Yaya Yohanna da na Anti sun fi kama da abin da zan iya

Khalifa:
Yaya Auwal ni dai a taimaka min da Goo, baƙin dodon nan na hawa na biyar a Shattered, kullum a nan nake tsayawa

Auwal Jahun:
Khalifa matsalarka tun kafin hawa na biyar take farawa. Kar ka sauka sai ka zagaye kowane hawa kaf, don takardun ƙara ƙarfin kaya guda uku ne a kowane yanki mai hawa biyar da kwalbar ƙarfi biyu, in ka tsallake ɗaya ka yi asara har ƙarshe. Ka zuba su a sulke ko makami ɗaya kar ka rarraba. Ƙaguwar da take kashe ka kuma kar ka yaƙe ta a fili, shiga ƙofa ka tsaya a gefe, duk abin da ya biyo ka ta ƙofa bugunka na farko ba ya kuskurewa. Kwalbar da ba ka sani ba ka sha ta kana tsaye kusa da ruwa ko a bakin ƙofa, in ta wuta ce ka shiga ruwa ta mutu, in hayaƙin guba ne ka fice. Wadda ka ga ta fi yawa a jakarka kar ka ɓata ta, yawanci ita ce ta warkewa.

Shi Goo abu biyu ne. Kar ka bari ya tsaya cikin ruwa don jinin shi dawowa yake, ja shi kan busasshiyar ƙasa. In ka ga ya fara kumbura ƙasa ta nuna alama a kewaye da shi kar ka ce bari in ƙara bugu, matsa baya ko ka sha kwana ya daina ganinka, ya saki dukan a iska sai ka dawo

Khalifa:
Toh turancin ne ma wani lokaci yake ba ni wahala, bayanin kayan yana da tsawo

Anti Rahama:
Wannan ita ce babbar katangar a wurinmu ba haruffa ba. Shattered yana da harsuna da yawa kuma 'yan sa kai ne suke fassarawa ba kamfani ba, na duba jerin ban ga Hausa ba. Aiki ne mai yawa ba na mutum ɗaya ba amma ƙofar a buɗe take, irin ƙofar da Evan ɗin ya shiga ta ce

Yohanna Yelwa:
Anti kafin a kai ga fassara a fara samun masu bugawa tukuna, mu nawa ne a duk Bauchi? Sadiq in za ka gwada Crawl ka zaɓi Minotaur Berserker, wato mayaƙi mai kan sa, gatari kawai za ka riƙe babu ruwanka da haddar sihiri, kuma duk sunan da ka gani da ba ka sani ba ka duba shi kafin ka matsa

Auwal Jahun:
Duk mai so ya biyo shago ranar Asabar bayan la'asar in tura mishi ta Xender ba sai ya ƙona data ba. Injiniya don Allah ka taho da laftof ɗin, ina so in ga tsuntsun nan da idona

Injiniya Bala:
In sha Allah zan zo, amma sai an sauka ƙasa sosai ake haɗuwa da shi, ku tanadi lokaci. Yohanna kai ma ka zo da naka, maganar abincin nan ba mu gama ba